Wanda Ya Fi Nijole Gudu

Nijole ta karyo kwanar ƙarshe ta bayan tsibirin, iska ta tare ta gaba da gaba. Ta ƙara sunkuyawa, ta haɗa hannuwa a baya, ta ci gaba da tura ƙafa, dama, hagu, dama. Dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin takalmanta suna yankar ƙanƙarar tafkin, suna wani ɗan kuka mai daɗin ji. Can gaba tana hango sandar da aka ɗaura wa jan ƙyalle, inda zagaye yake farawa kuma yake ƙarewa. Ƙugunta na hagu ya soma yi mata ƙorafi, ta ce masa a ranta ya yi haƙuri, saura ƙiris.

Tana wuce sandar ta danna agogon hannunta, ta miƙe tsaye, ta bar takalman suka yi ta tafiya da ita. Sai da numfashinta ya dawo sannan ta ɗaga hannu ta duba. Minti goma sha biyu da sakan arba'in da ɗaya.

"Nawa?" in ji wata murya daga gefen busasshiyar ciyawar bakin ruwa.

Bronius ne, maƙwabcinta, tsohon direban motar madara. Yana zaune a kan kifaffen bokiti gaban ramin da ya huda a ƙanƙara, fatsa a hannu, ya jibga riguna har ya koma kamar buhun dankali. Karensa Pukas yana kwance kusa da shi a kan tsohon bargo, da wani tsumman ulu naɗe a wuyansa.

"Sha biyu da arba'in da ɗaya," ta ce tana zamowa wajensa. "Na rage sakan tara a kan na jiya."

"Sakan tara! To a buga ƙararrawar coci, a ba 'yan makaranta hutu."

"Kai kifi nawa ka kama tun asuba, sarkin masunta?"

"Suna nan tafe. Taro suke yi a ƙasa, ba su gama ba."

Ta yi dariya, ta zauna a kan akwatin kayansa. Ya tsiyaya mata shayi mai zuma a murfin filas, ta riƙe da hannu biyu tana jin ɗumin yana ratsa safar hannunta.

Shekarar Nijole sittin da uku. Talatin daga ciki ta yi su ne a kan keke tana rabon wasiƙu a ƙauyukan da ke kewaye da tafkin. Shekara biyu da suka wuce ta zame a matakalar ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, ƙashin ƙugu ya karye, aka sa mata ƙarfe. Wata huɗu ta yi tana jan ƙafa da sanda. 'Yarta tilo, Jurga, wadda ke aiki a kantin magani a birnin Vilnius, ita ta saya mata agogon, don ta riƙa ganin bugun zuciyar uwar da yawan takunta a waya daga can birni. Ba ta san agogon ya iya wani aikin bayan wannan ba.

Da tafkin ya daskare a farkon Disamba, Nijole ta ciro tsofaffin takalman zamiyarta daga bayan kabad, ta kai aka wasa musu ƙarafa. Zagayenta na farko, kilomita huɗu, minti talatin da huɗu ya ci. Ta huta sau biyu a hanya, ta yi kuka sau ɗaya. Bayan mako guda ya koma ashirin da takwas. Kafin Kirsimeti ta sauko ƙasa da ashirin. A lokacin ne ta gano cewa manhajar agogon tana jera sunayen duk masu zagaya tsibirin, kowa da lokacinsa. Daga ranar barci ya ƙaurace mata da wuri. Ta wuce malamin makaranta, ta wuce wasu 'yan mata biyu da ke zuwa daga gari ran Lahadi, ta wuce Fada, limamin coci, da kansa, har ya ambaci maganar a ƙofar coci yana murmushin dole. Yanzu ita ce ta biyu. A samanta mutum ɗaya ne ya rage, wanda ya sa wa kansa suna Lydeka, sunan wani kifi mai dogon baki. Minti goma sha ɗaya da sakan hamsin da takwas. Kusan kullum sai ya zagaya da safe kafin ta fito, kuma ko ƙeyarsa ba ta taɓa gani ba.

"Yau ma ya zo," ta ce, ta miƙa wa Bronius wayar. "Duba, ƙarfe takwas da minti biyar. Kai da kake nan tun duhu, ba ka gan shi ba?"

Bronius ya zuba wa ramin ido kamar mai neman allura. "Ni kifi nake kallo, maƙwabciya. Ƙila likitan haƙoran nan ne mai tsukakken wando."

"Likitan haƙori na shida ne."

"To ƙila aljani ne."

"Ko uban aljanu ne sai na kamo shi. Sakan arba'in da uku ke tsakaninmu. Kuma rediyo ta ce ran Litinin ruwan sama zai sauka, ƙanƙara ta lalace. Yau da gobe kaɗai gare ni."

Dusar ƙanƙara ta fara sauka a hankali, siririya kamar gari daga rariya, tana rufe hanyar zamiyar. Nijole ta lissafa a ranta: ta huta awa ɗaya, in an sake share hanya ta ƙara gwadawa, sannan ta koma gida ta ɓoye takalman kafin yamma. Jurga ta ce za ta zo da yamma, wai akwai maganar da za su yi.

Ba ta kai ƙarshen lissafin ba ta ji ƙarar rufe ƙofar mota a bakin tafki. Ta waiga. Shuɗiyar motar Jurga ce. Ga Jurga ɗin tana saukowa cikin takalman birni, tana taka ƙanƙara kamar mai tafiya a kan ƙwai. A bayanta Stase ce, matar Bronius, da tukunya naɗe cikin tawul. Ciwon gwiwa ya hana Stase saukowa tafki duk hunturun nan, yau ta samu mota.

"Asiri ya tonu," in ji Bronius ƙasa-ƙasa.

Nijole ta dubi ƙafafunta. Babu inda za ta ɓoye ƙarafa masu tsawon kamu guda.

Jurga ta tsaya a gabanta. Ba ta gaishe ta ba. Ta dubi takalman, ta dubi fuskar uwar da sanyi ya mayar ja, ta sake duban takalman.

"Mama, mene ne wannan?"

"Sannu da zuwa, 'yata. Kin yi sammako."

"Na ce mene ne wannan a ƙafarki?"

"Takalmi."

"Na je gida na tarar da shi a rufe. Na shiga wajen Gwaggo Stase, ta ce ai kina tafki kamar kullum. Kamar kullum!"  "Wata biyu ke nan rabona da barcin kirki. Kowace safiya ƙarfe tara zuciyarki sai ta haura ɗari da hamsin, agogo kuma ya nuna ko taku ɗari uku ba ki yi ba. Na ce shi ke nan, tana kwance a gado zuciya na neman tsayawa. In na kira ki, ki ce mini lafiya lau, saƙa nake yi. Saƙa, Mama!"

"Da yamma ina saƙar," in ji Nijole, amma a hankali ta faɗa.

"Na samar miki ganin likitan zuciya ran Talata. Na samo miki gida a ƙasan benenmu, babu matakala ko ɗaya. Mai gidan tana jiran amsata yau, akwai wasu da ke so. Na zo ne in taya ki haɗa kaya."

Nijole ta ajiye murfin filas. Abin da ba ta taɓa kawowa a ranta ba ke nan, cewa zamiya ba ta shiga lissafin taku, kuma can a birni akwai mai kallon lambobin da idon tsoro. Ta ga inuwar rashin barci a ƙarƙashin idanun 'yarta, kunya ta kama ta.

"Ban kyauta ba," ta ce. "Amma da na faɗa miki, da kin zo kin kwashe takalman."

"Ƙwarai kuwa! Da na jefa su a shara. Ƙarfe ne fa a ƙugunki. In kika faɗi a bayan tsibirin can, wa zai gan ki?"

Stase, wadda ba ta iya ganin rigima ta kasa tsoma baki, ta dire tukunyar a gefen akwati.

"Haba Jurga, sassauta mata. Motsa jiki ai magani ne. Dubi nawa tsohon. Bara likita ya ce jininsa ya hau, in bai rage zama ba sai dai wani ba shi ba. Ɗanmu ya aiko masa da agogo irin na uwarki. To yanzu zo ki gani." Ta laluba aljihu ta ciro waya. "Kullum kilomita huɗu yake gudu kafin ya zauna kamun kifi. Ina daga gado ina gani. Ni kaina na yi mamaki, mutumin da ko kaza ba ya iya kora."

"Stase, abincin nan zai huce," in ji Bronius.

"Yi mini shiru, yabonka nake yi. Ga shi nan, na yau ma."

Ta miƙa wayar gaban Jurga, amma idon Nijole ne ya riga kai wa. Ga zanen tsibirin, ga jan layi ya kewaye shi. A sama an rubuta sunan mai agogon.

"Lydeka," ta karanta a fili.

"Ɗanmu ne ya sa masa, saboda son kifi."

Nijole ta juya a hankali ta dubi Bronius, daga hular kunnuwansa har zuwa tumbin da ke hana shi ɗaure igiyar takalmi sai ya zauna.

"Kai ne Lydeka?"

"To, wato..."

"Kai ka zagaya tsibirin nan a minti sha ɗaya da hamsin da takwas? Da waɗanne ƙafafun?"

"Nuna musu agogon mana," in ji Stase. Ta kamo hannunsa ta ja hannun riga sama. Babu komai. Ta kamo ɗayan, nan ma fata ce kawai. "Ina agogon, Bronius?"

Daidai lokacin aka jiyo rurin inji daga bakin tafki. Alvydas ne, ma'aikacin ƙaramar hukuma mai share hanyar zamiya, ya dawo da babur ɗinsa mai ƙafa huɗu da faffaɗan farantin ƙarfe a gaba, don ture sabuwar dusar da ta sauka. Pukas na jin ƙarar ya zabura ya miƙe, yana haushi yana tsalle. Tsumman wuyansa ya warware ya faɗi. A jikin maɗaurin wuyansa wani baƙin abu yana ƙyalli, ɗaure tam da igiyar fatsa.

Agogon Bronius ne.

"Ba ni na koya masa ba," in ji Bronius da ƙaramar murya. "Tun yana ƙarami ya tsani babur ɗin nan. Da Alvydas ya fara shara da safe sai ya bi shi, ba ya tsayawa sai sun zagayo. Na ga gudun yana tafiya a banza."

Alvydas, wanda ya kashe inji ya ji ƙarshen maganar, shi ya fara fashewa da dariya har yana dukan sitiyari. Stase ta ɗora hannu biyu a ka.

"Yesu da Maryamu! Wata biyu ina ƙara masa nama a miya, ina cewa mai gudu ne! Na gaya wa matan coci! Na gaya wa likita!"

"Kare," in ji Nijole. "Tun Kirsimeti kare nake bi." Ta nuna Bronius da yatsa. "Kuma kullum in zauna a nan in yi maka ƙorafi, kai kuwa ka ce mini likitan haƙori ne."

"Da na faɗa miki ai da Stase ta ji. Kuma da kin daina gudu, maƙwabciya. Ni na ga yadda kika fara, kamar ɗan maraƙin da aka haifa yau. Dubi ki yanzu."

Ta so ta riƙe fushin, ya ƙi riƙuwa. Dariya ta taso mata tun daga ciki, ta yi ta yi har hawaye suka zubo suka yi sanyi a kumatunta. Jurga ma ta juya baya tana toshe baki da safar hannu, kafaɗunta na girgiza.

Da Nijole ta share ido, sai ta tsaya tana kallon karen. Fari ne da baƙi, doguwar ƙafa gare shi, yana zagaya babur ɗin yana jira a tayar. Ta dubi hanyar da ta nufi tsibiri. Iska ta ɗan lafa.

"Alvydas, yanzu za ka zagaya?"

"Yanzu, Gwaggo."

"To ka ba shi wuta fiye da kullum. Ina bayanka."

Dariyar Jurga ta ɗauke. "Mama, a'a. Ba da ni a nan ba."

Nijole ta durƙusa tana ƙara ɗaure igiyar takalmi. "Saurara, 'yata. In na faɗi, ko na tsaya hutawa, yau ɗin nan zan shiga motarki ki kai ni inda kika ga dama, ba za ki ji bakina ba. In kuwa na dawo a tsaye, sai mu zauna mu yi magana kamar manya biyu."

"Rayuwarki ce fa, ba caca ba."

"Ba caca nake yi ba. Wata biyu kina kallon lamba. Yau ki kalle ni."

 Jurga ba ta ce e ba, amma ta matsa gefe.

Bronius ya sunkuya zai kwance agogon daga wuyan karen, Stase ta buge masa hannu. "Bar masa kayansa. Shi ya sha wahalarsa."

Masu kamun kifi na nesa sun lura akwai abin da ke faruwa, uku ko huɗu suka baro ramukansu suka matso. Nijole ta tsaya daidai jan ƙyallen, yatsa a kan agogo. Bronius ya riƙe Pukas da ƙyar. Alvydas ya tayar da inji, ya sauke faranti, ya yi gaba yana watsa farar dusa gefe guda. Sai da ya ɗan ba da tazara sannan Stase ta buga murfin tukunya da ludayi.

Karen ya fita kamar an harba shi. Ta gefen hanya yake bi, inda dusa ke riƙe masa ƙafa, kafin Nijole ta yi turi goma ya bar ta da nisa. Ba ta bi shi da ido ba. Ta san inda gaggawa take kai mutum a kan ƙanƙara. Ta kwantar da bayanta, ta nemi tsarin da jikinta ya saba, turi mai tsawo, ta bar ƙarfen ya gama tafiyarsa kafin ta sauke ɗayan. Hanyar da Alvydas ya share baƙa ce wuluk, santsi kamar madubi, har tana ganin kumfar iska daskare a cikinta. Iska kuma tana bayanta tana tura ta. Ba ta taɓa samun ƙanƙara irin wannan ba.

Ta shiga bayan tsibiri, dogayen itatuwa suka raba ta da mutane. A nan ne akwai wata tsohuwar tsaga da ta ratsa hanya, wadda kullum take tsallakewa a karkace. Yau dusa ta cike ta, ba ta gan ta ba. Bakin ƙarfen dama ya faɗa ciki, jikinta ya yi gaba, hannuwanta suka watse a iska. Duk nauyinta ya sauka a ƙafar hagu, ƙafar da ta yi shekara biyu tana lallaɓawa kamar kwanon tangaran. Ta ga ƙanƙara tana tasowa wajen fuskarta, ta ga motar Jurga, ta ga ɗakin da babu matakala.

Ƙafar ta riƙe. Ta yi tangal-tangal, ta yi wata doguwar zamiya a ƙafa ɗaya, sannan ta dama ta dawo ƙarƙashinta. Ba ciwo, ba ƙara. Nijole ta ji wani ihu ya fita daga bakinta wanda ba ta shirya ba, hankaki biyu suka tashi daga kan itace. Daga nan ta daina tausaya wa ƙugun. Ta tura shi da dukkan ƙarfinta, yadda take tura na dama, gudun ya ƙaru har iska na sa idonta hawaye.

Da ta karyo kwanar ƙarshe, ga Pukas nan gabanta, ya rage gudu, harshe na lilo. Tazarar tana ragewa. Cinyoyinta sun ɗau wuta, ƙirjinta kamar ta haɗiyi barkono, amma tana jin ƙarar faratansa yanzu. Can gaba ta ga mutane suna tsalle. Stase na dukan murfin tukunya kamar za ta fasa shi. A saman duk hayaniyar akwai wata murya da ta sani tun ranar da ta fara jin ta a ɗakin haihuwa.

"Mama! Tura! Tura, Mama, kin kamo shi!"

Ta zo daidai wutsiyarsa. Sai karen ya waigo ya gan ta. Duk hunturun nan babur kaɗai yake bi, ba a taɓa biyo shi ba. Ya kwantar da kunnuwa, ya tattaro wani gudu daga inda ya ɓoye shi, ya wuce jan ƙyallen da tazarar da ta kai tsawon bas biyu.

Nijole ta wuce a bayansa, ta danna agogo, ta miƙe. Ta yi wani babban da'ira a hankali, ta dawo ta tsaya cak a gaban 'yarta, a kan ƙafafunta biyu.  Ta miƙa hannu kawai, Jurga ta kama ta karanta.

"Sha ɗaya da arba'in da bakwai."

Masunta suka ɗau tafi. Bronius ya cire hula ya jefa sama, sanƙonsa na tururi.

"Kin karya shi, maƙwabciya! Kin karya Lydeka da sakan goma sha ɗaya!"

"Dakata tukuna," in ji Stase tana ƙanƙance ido a kan wayarta. "Sabo ya shigo. Lydeka, sha ɗaya da arba'in da uku."

Nijole ta dubi karen, wanda ya baje a kan bargo yana haki, bai san ma an yi ba. Ta kama gwiwoyinta tana dariya tana tari.

"Ɗan banza," ta ce da ta samu numfashi. "Ashe da saura a cikinsa."

Stase ta buɗe tukunya, ƙamshin curin dankali mai nama a ciki ya tashi. Ta zuba wa kowa a kwanon roba, har da Alvydas da masunta. Da ta zo kan na mijinta, ta tsaga curin biyu, ta ƙwaƙule naman ta ajiye gaban Pukas, ta miƙa wa Bronius dankalin zalla.

"Wanda ya yi gudu shi ke cin nama. Kai kuma daga gobe da ƙafarka za ka zagaya, ina zaune a nan ina kallo, ko da a kujera za a ɗauko ni."

"Kilomita huɗu, Stase? Ki ji tsoron Allah."

"Da ka ji tsoronsa ai da ba mu zo nan ba."

Jurga ba ta taɓa abincinta ba. Ta zare safar hannu, ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannun uwarta, tana ƙirgawa a ranta. Ta daɗe a haka, fiye da yadda ƙirgen yake buƙata.

"Bugun ya sauka da wuri," ta ce. "Ya fi nawa ma." Ta ja hanci. "Amma likita dai za ki gani ran Talata."

"Zan gan shi."

"Kuma ba sauran saƙa nake yi."

"Babu."

"Kuma ba za ki shiga bayan tsibirin can ba sai akwai mutum a tafki."

Nijole ta tuna tsagar. Ta ga ba yau ce ranar ba da wannan labarin ba, amma ta gyaɗa kai da gaske. "Wannan kin yi gaskiya."

Jurga ta juya tana kallon hanyar, baƙa mai sheƙi, da zanen ƙarafan uwarta a kai. Dusa ta tsaya, rana ta ɗan leƙo.

"Rabona da hawa ƙanƙara tun ina aji tara," ta ce, kamar da kanta take.

"Akwai takalma a akwatin bayan babur," in ji Alvydas da baki cike. "Na aron baƙi ne. Lamba nawa kike sawa?"

Jurga ta ce wasa take yi. Ta ce wandonta bai dace ba. Kafin ta kawo uzuri na uku Stase ta zaunar da ita a kan bokitin Bronius, Nijole kuma ta durƙusa tana ɗaure mata igiya. Da aka miƙar da ita, ƙafa ɗaya ta nufi gabas, ɗaya ta nufi yamma. Ta saki ƙara ta cafke hannuwan uwarta duka biyu.

"Kar ki sake ni! Mama, na roƙe ki, kar ki sake ni!"

"Ina riƙe da ke. Lanƙwasa gwiwa. Daina kallon ƙasa, kalle ni."

Nijole ta soma zamewa da baya a hankali, tana jan ta. Suka yi taku biyar, suka yi goma, Bronius na bin su da shawarwarin da ba wanda ya tambaye shi. Sai waya ta fara ruri a aljihun rigar Jurga.

"Mai gidan nan ce," ta ce. "Na ce mata ta kira da rana."

"To ɗauka mana."

Jurga ta dubi aljihun, ta dubi hannuwanta da ke damƙe cikin na uwarta. Ta gwada sassauta yatsa ɗaya, ƙafarta ta yi gaba, ta sake damƙewa.

"Da wane hannun?" ta ce.

Wayar ta yi ta kuka har ta gaji ta yi shiru. Su kuwa suka ci gaba, a hankali, suka nufi tsakiyar tafki.